Ba Duk Ruwa Mai Tsarki Ne Mai Lafiya Ba



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya hore mana ruwa ba don wayonmu ko ƙarfinmu ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwana mata, uwayen gida da amare, nasiharmu ta wannan fitowa a kan randa take. Maigida yana iya haƙa rijiya ko ya biya ɗan garuwa, amma daga lokacin da ruwa ya shigo gida, a hannunki yake. Ke ce mai zubawa a randa, ke ce mai dama koko, ke ce mai miƙa wa yaro moɗa. Hadisin Abdullahi ɗan Umar (RA) da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya nuna mana cewa mace makiyayiya ce a gidan mijinta, kuma za a tambaye ta game da abin da aka ba ta kiwo. To ruwan da iyali ke sha yana cikin wannan kiwo.

Ruwa a mizanin Musulunci

Allah (SWT) ya sanar da mu a Suratul Anbiya'i, aya ta 30, cewa asalin duk wani mai rai ruwa ne. A Suratul Waƙi'a kuma, daga aya ta 68 zuwa ta 70, ya ja hankalinmu ga ruwan da muke sha, ya tuna mana cewa ba mu muka saukar da shi ba, kuma da ya ga dama da ya mayar da shi zartsi yadda ba zai shawu ba. Saboda girman wannan ni'ima shari'a ta kewaye ta da dokoki. Manzon Allah (SAW) ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu. Ya tsoratar da mu daga yin bahaya a mashaya da kan hanya da inuwar da mutane ke hutawa. Ya kuma yi umarni da a rufe ƙorai da tuluna idan dare ya yi.

Duk wadda ta zauna ajin fiƙihu, ko da Ishmawi kaɗai ta karanta, ta san ƙa'idar ruwan tsarki: a duba launinsa, a duba ɗanɗanonsa, a duba ƙanshinsa. Idan babu abin da ya canja ɗaya daga cikin ukun nan, ruwa ne mai tsarki mai tsarkakewa, a yi alwala da shi, a yi wanka, a yi salla. Wannan ƙa'ida daidai take, babu abin da ya taɓa ta. Sai dai mu lura, amsa ce ga tambaya ɗaya tak: shin wannan ruwa yana ɗauke hadasi? Tambayar ko za a iya shan sa ba tare da cutuwa ba, wannan wani babi ne daban. Malamai sun bayyana cewa abu yana iya zama mai tsarki amma cin sa ya haramta saboda yana cutarwa. Guba ba najasa ba ce, idan ta taɓa tufafinki sallarki ta yi, amma ba wanda ya halatta miki ki haɗiye ta.

Matsalar ita ce da yawanmu mun ɗauki ma'aunin alwala mun mayar da shi ma'aunin sha. Da mun ga ruwa garai-garai, ba wari, ba ɗaci, shi ke nan hankalinmu ya kwanta. Alhali akwai gubar da ba ta da launi, ba ta da ɗanɗano, ba ta da wari.

Gubar da ido ba ya gani

Masana kimiyya suna kiran su ƙarafa masu nauyi. Waɗanda suka fi shahara su ne dalma, da zaiba, da kadmiyam, da kuromiyam, ana kuma lissafa asenik tare da su. Kada ki ɗauka gutsuren ƙarfe ne da za ki gani a gindin randa. Narkewa suke yi su ɓace a cikin ruwa kamar yadda gishiri ke ɓacewa a miya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dalmar da ke cikin ruwan sha ta wuce maikirogiram 10 a kowace lita, kuma ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya da aka fitar a 2007 ita ma a nan ta tsaya. Bari in kawo miki shi kusa. Giram 1 na dalma, wato kamar rubu'in ƙaramin dunƙulen magi, ya isa ya kai lita 100,000 ga wannan iyaka. Jarka 4,000 ke nan irin mai lita 25 ɗin nan ta 'yan garuwa. Kin ga ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Idan dalma ta shiga jiki ba ta fita da sauƙi. Jiki yana ɗaukar ta kamar sinadarin gina ƙashi, sai ya adana ta a ƙasusuwa da haƙora shekara da shekaru. Idan mace ta sami juna biyu, ƙashinta ya fara sakin abin da zai gina ɗan tayi, sai dalmar ta biyo, ta ratsa mahaifa ta isa gare shi. Ƙananan yara kuwa, hanjinsu yana zuƙar dalma ninki 4 zuwa 5 na abin da babba ke zuƙa, musamman yaron da ke da ƙarancin jini ko ba ya samun abinci mai gina jiki. Ƙwaƙwalwa take fara taɓawa. Kaɗan daga cikinta yana rage fahimta, yaro ya yi ta maimaita hadda ba ta zama, mu yi ta dukansa muna cewa daƙiƙi ne. Mai yawa kuma tana kawo ciwon ciki da amai da kasala da jijjiga, har ta kai ga rasa rai. A 2020 asusun UNICEF ya fitar da rahoto cewa kimanin yaro 1 cikin kowane 3 a duniya, wajen yara miliyan 800, suna ɗauke da dalma a jininsu a matakin da ke buƙatar a tashi tsaye.

Sauran ma kowanne da tasa ɓarnar. Kadmiyam tana lalata ƙoda da ƙashi. Asenik tana ɓata fata, tana jawo ciwon daji. Zaiba tana taɓa jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. A garin Minamata na ƙasar Japan, inda wata masana'anta ta riƙa zubar da zaiba a teku, an gano cutar a 1956, aka ga uwaye da alamar lafiya suna haihuwar 'ya'ya masu naƙasa, saboda kifin da suka ci da ciki.

Abin da hannayenmu suka jawo

Kada wata ta ce ai Japan da nisa. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yawan mutuwar yara a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara. Da aka bincika, sai aka tarar duwatsun da ake haƙowa don neman zinare cike suke da dalma. Ana kawo su cikin gari, a niƙa a inji, a daka a turmi a tsakar gida, a wanke a bakin rijiya da kududdufi. Ƙurar ta cika ɗakuna da wurin wasan yara, ita ce ma babbar hanyar da gubar ta bi, sannan wankin ya gurɓata wasu wuraren ɗiban ruwa. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai suka kamu. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zubo sabuwa, aka fitar da aikin niƙa bayan gari, garin Bagega ma sai a 2013 aka samu aka share shi. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Uwayen da suka yi wannan daka ba su da laifi, domin ba su sani ba, neman halali suke taya mazajensu. Allah ya ba su haƙuri, ya sa yaran su zama masu ceto. Amma mu da labari ya iso gare mu, ba mu da wannan uzuri.

Mazauna birni ma ba su tsira ba. A Kano, masana'antun jima da ke Challawa da Sharaɗa da Bompai suna amfani da gishirin kuromiyam wajen jeme fata, kuma an daɗe ana koke a kan ruwan da ke fita daga unguwannin masana'antu yana shiga kogin Challawa da rafin Jakara, inda masu lambu ke ban ruwa. Majemanmu na gargajiya da bagaruwa suke aiki, ba su san wannan sinadari ba. Ga kuma masu fasa tsohon batirin mota suna narka dalmar ciki a tsakiyar unguwa, ga jujin da ake zubar da matattun batura da tarkacen kayan lantarki dab da rijiyoyi. Masu haƙar zinare kuma suna amfani da zaiba wajen kama shi. Allah ya faɗa mana a Suratur Rum, aya ta 41, cewa ɓarnar da ke bayyana a tudu da ruwa sakamakon aikin hannun mutane ce, kuma ana ɗanɗana musu wani ɓangare nata ne ko sa dawo kan hanya.

Tafasawa ba ta fitar da ita

Nan ne ya kamata kowace uwar gida ta buɗe kunne. An koya mana mu tafasa ruwa, kuma gaskiya ne, tafasawa tana kashe ƙwayoyin cutar kwalara da taifot da gudawa. Kada mu daina. Amma ƙarfe ba rai gare shi ba balle wuta ta kashe shi. Ki tuna miyar da kika bari a kan murhu ta yi ta ƙonewa: ruwan yana tafiya, gishirin yana nan, har ta koma ba ta ciwuwa. Haka dalma take. Yawan tafasawa ƙara mata ƙarfi yake yi a cikin ruwan da ya rage. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake ɗigawa a ruwa shi ma ba ya fitar da ita. Tacewa da ƙyalle kuwa tana tare laka da haki ne kawai, abin da ya narke wucewa yake yi abinsa.

To ina mafita? Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) hadisin da ke nuna cewa babu cutar da Allah ya saukar face ya saukar da maganinta. A manyan ƙasashe ana cire waɗannan ƙarafa da injuna masu tsada da ke buƙatar wutar lantarki. Talaka a ƙauye ina zai samu? Wannan ya sa masana suka juya ga abubuwan da muke sharewa mu kai juji.

Rahamar Allah a cikin abin da muka raina

Shekaru da dama ke nan ana gwaje-gwaje a jami'o'in duniya, har da namu na gida irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano, a kan ɓuntun shinkafa, da ɓawon gyaɗa, da totuwar masara, da tuƙar rake, da ɓawon ayaba da na lemo, da garin katako, da ƙwallon dabino, da yumɓu. An gano cewa idan aka wanke su, aka shanya, aka niƙa, aka zuba a ruwan da ke da dalma ko kadmiyam, suna iya kama wani kaso mai yawa na ƙarfen.

Yaya abin yake faruwa? Ki tuna ranar da kika ratsa gona da kaka, kika fito bakin zanenki cike da ƙarangiya. Ba ta shige cikin zaren ba, maƙalewa ta yi a jikinsa. Haka wannan aiki yake. Ƙarfen da ya narke a ruwa yana yawo ne a matsayin 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi masu ɗauke da wani irin caji, fuskar ɓawon kuma tana da wuraren da ke ɗauke da kishiyar wannan caji. Da sun haɗu sai su manne, kamar allura da mayen ƙarfe. Idan aka tsame ɓawon, sai ya fita da abin da ya kama.

Tunda aikin a fuska yake, duk abin da ya fi yawan fuska ya fi kamu. Shi ya sa niƙaƙƙe ya fi wanda ba a niƙa ba. Shi ya sa kuma gawayi ya yi fice. Akwai wani gawayi na musamman da ake yi da ƙoƙon kwakwa ko ƙwallon dabino ko itace, a gasa shi da wuta mai tsananin zafi tare da tururi ko wani sinadari, har jikinsa ya cika da ƙofofin da ido ba ya gani. Da za a shimfiɗe fuskar da ke cikin giram 1 nasa, za ta fi fuloti guda mai ƙafa 50 da 100. Subhanallahi! Amma ki sani, gawayin murhunki bai kai wannan ba ko kusa. Yana rage wari da ɗanɗano, ba a dogara da shi wajen dalma.

Akwai kuma gawayin ƙashi. Mun ce dalma tana son ƙashi a jikin ɗan Adam. To wannan son nata shi masana suka mayar tarko: a ƙona ƙashin dabba yadda ya kamata, a farfasa, ruwa ya bi ta cikinsa, sai dalmar ta maƙale a can maimakon a ƙashin ɗanki. A nan mu kula, a mazhabarmu ta Malikiyya ƙashin mushe najasa ne, don haka sai a nemi na dabbar da aka yanka.

Sai zogale, wanda kusan babu gidan da bai san shi ba. Matan karkara a ƙasar Sudan sun daɗe suna tace ruwan kogin Nilu da 'ya'yansa, har wata masaniya mai suna Samia Jahn ta bi su ƙauye-ƙauye ta rubuta hikimarsu a shekarun 1970 da 1980, daga nan duniya ta ɗauka. Ana ɓare busassun 'ya'yan, a daka su lukui, kimanin ƙwaya 1 ga kowace lita ta ruwa mai laka. A dama garin da ɗan ruwa mai kyau, a zuba, a juya da sauri na ɗan lokaci, sannan a juya a hankali kamar minti 5 zuwa 10, a bar shi awa 1 ko 2. Lakar za ta dunƙule ta kwanta, kamar yadda alimun ke yi, sai a tsiyaye na sama a tafasa, a yi amfani da shi a ranar. Babban aikin zogale kwantar da laka ne. Yana tafiya da ƙarfen da ke manne da lakar da wani abu daga wanda ya narke, amma ba ya kwashe shi duka.

Darasi daga Bangaladash

Ko an taɓa fitar da irin wannan dabara daga ɗakin gwaji ta shiga gidajen talakawa? An yi, kuma a ƙasar Musulmi 'yan'uwanmu. A Bangaladash, daga shekarun 1970 aka yi ta haƙa rijiyoyin burtsatse don a raba mutane da ruwan kududdufi mai kawo kwalara. Ruwa ya fito fari tas, kowa ya yi murna. Sai a 1993 aka tabbatar akwai asenik a cikinsa, daga ƙasar wurin take fitowa, ba wanda ya zuba. Miliyoyin mutane sun sha shekara da shekaru.

Wani masanin kimiyyar sinadarai ɗan ƙasar, Farfesa Abul Hussam, da ke koyarwa a Amurka, ya haɗa kai da ɗan'uwansa likita suka ƙera matatar da ake kira Sono. Bokiti 2 ne, ɗaya a kan ɗaya. Na sama yana da yashin kogi da wani haɗi na ɓarɓashin baƙin ƙarfe, na ƙasa yana da yashi da gawayin itace da gutsattsarin jan bulo. Ba wuta, ba inji. Tsatsar ƙarfen ita ke kama asenik ɗin. A 2007 aka ba shi kyautar dala miliyan 1 a Amurka saboda wannan aiki, ya sa mafi yawan kuɗin wajen kai matatar ga mabuƙata.

Abu biyu za mu ɗauka a nan. Na farko, ruwan burtsatse ma sai an gwada. Na biyu, kowace guba da abin da ke kama ta. Ɓawon da ke kama dalma ba lallai ya kama asenik ba, ita tsatsar ƙarfe ta fi so. Wannan aiki ne na ilimi, ba na kintace ba.

Sharuɗɗan da ba a tsallakewa

Ina jin tsoron wata ta karanta wannan ta ɗebo ɓuntu ta zuba a randa ta ce ta gama. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ga abin da ya wajaba mu riƙe:

Na ɗaya, mafi yawan sakamakon da ake ambata a ɗakin gwaji aka same shi, inda aka auna komai. Ruwan rijiya yana da wasu sinadarai da ke gasa da gubar wajen neman wurin maƙalewa, kuma idan ruwa yana da tsami kamun yana raguwa.

Na biyu, kowace matata tana ƙoshi. Idan wuraren kamu suka cika, ruwa zai wuce da gubarsa, wani lokaci ma ta saki wadda ta kama a baya. Kuma ba za ki gane da ido ba. Dole a san lokacin canja kayan ciki.

Na uku, ɗanyen ɓawo idan ya jima a ruwa ruɓewa yake yi, ya zama gidan ƙwayoyin cuta. Wanda aka fesa wa maganin ƙwari kuwa, wata gubar zai ƙara.

Na huɗu, abin da aka cire daga matata ya zama guba shi ma. Ba a ba dabbobi, ba a zuba shi a gona ko lambu, ba a hura wuta da shi, ba a barin yara su yi wasa da shi. A nemi shawarar jami'an tsaftar muhalli kan inda za a binne shi nesa da rijiya.

Na biyar, ruwa ba shi kaɗai ne ƙofa ba. Ƙura da tufafin aikin mai haƙar ma'adinai ko mai gyaran batir suna shigo da dalma gida. Haka wani kwallin da muke sa wa jarirai: a 2011 an gwada wani da aka kai Amurka daga Najeriya bayan an ga dalma a jinin wani jariri, aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce.

Abin da ya rage gare mu

Matambayi ba ya ɓata. Idan gidanku yana kusa da wurin haƙar zinare, ko masana'anta, ko majema, ko masu fasa batir, ko babban juji, ki zauna da maigida cikin ladabi da hikima ki nuna masa buƙatar a gwada ruwan. Ana yin wannan gwaji a ɗakunan gwaji na hukumomin ruwa da sassan kimiyyar sinadarai na jami'o'i, akwai kuma Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Kaduna. Idan kuɗin ya yi wa gida ɗaya yawa, ai rijiyar unguwa ta kowa ce. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yadda muke adashi don biki da suna, mu yi don wannan.

Idan gwaji ya nuna akwai guba, mataki na farko shi ne a canja wurin ɗiban ruwan sha da na girki, musamman ga mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara. Inda babu wani ruwan, a nan matata ke shigowa, a haɗa ta da jagorancin masani, a gwada ruwan da ke fita daga cikinta, a kuma riƙa maimaita gwajin. Yaron da ake zargi ya sha, a kai shi asibiti a auna jininsa, akwai maganin da likitoci ke bayarwa mai fitar da dalma. Addu'a da ruƙiyya suna da matsayinsu, amma kada mu ce iska ce mu zauna. Manzon Allah (SAW) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali.

Ga rassan ƙungiyarmu kuma, ga aiki ya samu. A cikin 'ya'yanmu da ƙannenmu akwai waɗanda suka karanta kimiyyar sinadarai, wasunsu ma a kan ɓawon gyaɗa da gawayi suka yi bincikensu na kammala digiri, takardun suna can kan kanta suna shan ƙura. Mu gayyato su majalisunmu na ta'alimi su yi mana bayani. Mu ɗauki nauyin gwada rijiyoyin makarantun Islamiyya da gidajen marayu. Mu ƙarfafa 'yan matanmu su karanta wannan fanni, domin farilla ce ta kifaya, idan babu mai yi duk al'umma ke da laifi.

Mu kuma isar da saƙo ga mazajenmu da 'yan'uwanmu masu masana'antu da masu haƙar ma'adinai. Neman halali ibada ne, amma ƙa'idar shari'a da malamai suka ɗauko daga hadisi ita ce ba a cutar da kai, ba a cutar da wani. Idan an hana mutum fitsari a ruwan da ba ya gudu, alhali fitsari yana wankuwa, ina ga wanda ya saki gubar da za ta zauna a ƙashin yaro har girmansa? Ribar da aka samu ta wannan hanya akwai haƙƙin mutane a cikinta, kuma Allah ba ya yafe haƙƙin bawa sai mai shi ya yafe. Duk matatar duniya ba ta kai a hana gubar shiga ruwan tun farko ba. Rigakafi ya fi magani.

Kada mu raina ladan wannan aiki. Lokacin da mahaifiyar Sa'adu ɗan Ubada (RA) ta rasu, ya tambayi Manzon Allah (SAW) sadakar da ta fi, aka nuna masa shayar da ruwa, ya haƙa rijiya da sunanta. Sayyidina Usmanu (RA) ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa Musulmi. Zubaida matar Halifa Haruna Rashid ta kashe dukiya mai yawa wajen jawo ruwa zuwa Makka saboda alhazai, har yau ana ambaton sunanta. Ke da ba ki da kuɗin haƙa rijiya, idan kika zama sanadin da aka gwada ta unguwarku, ko kika hana a fasa batir a bakinta, ko kika sanar da maƙwabciyarki cewa tafasawa ba ta fitar da dalma, muna kyautata zaton Allah ba zai bar ki haka ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ya Allah ka tsarkake zukatanmu, ka tsarkake abin shanmu. Ka tsare mu da zuriyarmu daga cutar da muke gani da wadda ba ma gani. Ka jiƙan yaran da suka rasu, ka ba marasa lafiya sauƙi. Ka ba shugabanninmu ikon tsare amanar ruwan al'umma. Ka ba mu ilimi mai amfani da ikon aiki da shi, ka shayar da mu daga tafkin Annabinka (SAW) ranar da ƙishirwa za ta tsananta. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, Shi ne mafi sani.